“Tun Ana Hannun Hagu”: Yadda Tsofaffin Direbobin Manyan Motoci na Yankin Furana Ke Ƙirga Zamani a Labaran Tafiyarsu Ƙetaren Iyaka

Tsakure

Wannan takarda ta dubi labaran da tsofaffin direbobin manyan motoci na Furana da garuruwan da ke kewaye da ita, a ƙasashen Ikara da Makarfi da Kudan, suke bayarwa game da jigilar kaya zuwa Nijar da Kamaru da Chadi da Ghana. Masu bincike kan raina irin wannan hira saboda ba ta zuwa da shekara, kuma an daɗe ana zargin direba da ƙarin gishiri. Hujjar takardar ita ce labarin direba yana da tasa kalandar: hannun da ake tuƙi a kai, da irin kuɗin da aka biya shi, da sunan da yake kiran gari da shi, da gada ko jirgin fito, da rufe iyaka. Kowanne daga cikinsu yana da lokacin da tarihi ya tabbatar, sai dai ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Takardar ta auna su, ta kuma taɓo wuraren da hirar kan yi shiru.

Gabatarwa



Duk wanda ya taɓa zama a majalisar tsofaffin direbobi bayan la’asar, a Tashar Yari ko bakin kasuwar Makarfi ko gindin wata bishiya a Furana, ya san akwai tambaya ɗaya da ke kashe hira: “Baba, a wace shekara ke nan?” Dattijo zai yi shiru, ya dubi na kusa da shi, ya ce ai an daɗe. Ɗalibi ya rubuta a littafinsa cewa mai ba da labari bai tuna shekara ba, ya wuce. Da zai ƙyale dattijon ya ci gaba, sai ya ji yana cewa lokacin ana hannun hagu ne, da sule aka biya shi kuɗin abinci, kuma ya kwana a Kusuri yana jiran jirgin fito zuwa Forlami. A cikin numfashi ɗaya ya faɗi shekarar sau huɗu, lamba ce kawai bai ambata ba.

Na tashi ina jin irin waɗannan labarai, kuma na daɗe ina ɗaukar su a matsayin abin ɗebe kewa. Sai daga baya, da na riƙa jera abin da dattawan ke faɗa kusa da abin da ke rubuce, na ga cewa kuskuren a wajen mai tambaya yake. Abin da zan gabatar a nan shi ne hanyar karanta wannan kalanda. Ban ambaci sunan kowa daga cikin dattawan ba, domin akwai abubuwan da suka faɗa a majalisa waɗanda ba su yi niyyar su shiga takarda da sunansu ba.

Ƙasar da ke nesa da iyaka amma take cike da lodi

Mai kallon taswira zai yi mamakin abin da ya haɗa Furana da ƙetare. Kafin mota ta kai Kongolam ko Jibiya daga nan, sai ta ratsa ƙasar Kano ko ta Katsina. Abu biyu ne suka ɗaure yankin da doguwar hanya. Na farko titin Zariya zuwa Kano, da layin dogon da ya isa Kano a 1911, wanda ya bi ta Gimi. Na biyu noma. Raken Makarfi da Kudan da mazarƙwailar da ake yi da shi, da tumatir da barkonon Ikara da Hunkuyi, da masarar da ta mamaye gonakin arewacin Kaduna tun daga ƙarshen shekarun 1970, duk kaya ne masu neman mota. Har kamfanin sarrafa tumatir gwamnati ta kafa a Ikara a 1981 saboda yawansa. Inda lodi yake kuwa, nan ’yan kamasho da ’yan dako da masu faci suke taruwa, kuma yaron da ke kallon gingimari tana ɗaukar buhu a kasuwar garinsu wata rana zai ɗare bayanta.

Galibin masu manyan motocin attajiran Kano da Zariya da Funtuwa ne. Abin da ƙauyukanmu suka bayar shi ne hannuwa. Saurayi kan gama girbi ya bi mota da sunan ci-rani, ya dawo da damina ya yi noma. Wani ya dawo shekara biyu, a ta uku ya zarce.

Hanyoyin da ke yawan fitowa a bakinsu uku ne. Ta arewa: Kano, Daura, Kongolam, Matamaye, Damagaram, ko kuma Katsina, Jibiya, Ɗan Isa, Maraɗi. Ta gabas: Fataskum, Damaturu, Maiduguri, Dikwa, Gamboru, a tsallaka Fotokol a ƙasar Kamaru, a bi zuwa Kusuri, a haye Chadi. Ta yamma kuwa ko dai a bi Kamba da Gaya a haye gadar Malanbil, ko a gangara Ikko a bi gaɓar teku ta Kwatano da Lome zuwa Ankara da Kumasi. Mota ba ta son dawowa wayam, don haka kowace hanya da abin da ake ɗorowa: wake da kanwa da dabino da shanu daga Nijar, shanu da busasshen kifi daga wajen Chadi, goro daga Kurmi.

Magadan ayari

Mota ba ta buɗe waɗannan hanyoyi ba, tarar da su ta yi. Paul Lovejoy a littafinsa na 1980 kan fataucin goro ya nuna yadda ayarin Hausawa ke shafe watanni tsakanin Kano da Gwanja a ƙarƙashin madugu da jagaba da uban dawaki, suna yada zango a wuraren da aka sani. Polly Hill a Kumasi da Abner Cohen a Sabon Ibadan, dukkansu a shekarun 1960, sun bayyana aikin maigida mai masauki: shi ke sauke baƙo, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an ba da bashi. Direban da ya isa zangon Kumasi ko unguwar Hausawa a Njamena cikin wannan tsari ya faɗa. Yana da gidan da zai nufa tun bai taɓa zuwa garin ba, domin maigidansa ya ba shi suna.

Jigilar alhazai ita ce ta fara kai motocin ƙasar Hausa nesa sosai. Alhaji Muhammadu Nagoda na Kano na cikin waɗanda suka fara tsara ta, kuma a 1948 Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash suka kafa ƙungiyar alhazan Afirka ta Yamma (WAPA), wadda unguwar Wapa a Fagge ta gaji sunanta. Motocin kan bi Maiduguri da Forlami da Abeshe da Adare su shiga Sudan ta Janaina, har inda jirgin ƙasa yake. Da a El-Obeid yake tsayawa, sai a 1959 ya iso Nyala. Mutanen da suka riƙe sitiyari a wannan hanya kusan duk sun riga mu gidan gaskiya. Yaransu na mota ne suka rage, kuma su ne dattawan da muke hira da su yau, masu shekara saba’in zuwa sama.

A nan akwai abin da ya kamata mai bincike ya lura da shi. Tuƙin babbar mota ilimi ne da ake ɗauka daga mutum, kamar karatun zaure. Yaro kan yi shekaru yana sa waigi a ƙarƙashin taya, yana zuba ruwa a lagireto, yana ɗaure tamfol, yana kwana a ƙarƙashin mota yana gadi, kafin a bar shi ya juya ta a tasha. Saboda haka kowane direba ya san silsilarsa: wane ya koya mini, shi kuma wane ya koya masa. Tambayar da ke buɗe bakin dattijo ita ce “Wa ya koya maka mota?” Daga amsarta ake gane wane labari ne ya gani da idonsa, wane ne ya gada. Idan mai shekara saba’in ya ce “mun kai alhazai El-Obeid”, wannan “mun” ɗin ta gidan maigidansa ce. Ba ƙarya ya yi ba. Haka almajiri ke cewa “mu” idan yana maganar makarantarsu tun kafin a haife shi.

Kalandar direba

Alama mafi ƙarfi ita ce hannu. Nijeriya ta gaji tuƙi a hannun hagu daga Ingila, alhali duk ƙasashen da ke kewaye da ita na renon Faransa a dama suke. Ranar 2 ga Afrilu, 1972 aka canja. Kafin wannan rana, direban da ya wuce Kongolam ko Jibiya dole ya koma ɗaya gefen titi, da motar da sitiyarinta ke dama, ta yadda idan zai wuce wata mota sai yaronsa ya leƙa ta tagar hagu ya gaya masa ko hanya a buɗe take. Jiki ba ya manta irin wannan. Duk labarin da ke ɗauke da sauya hannu a iyakar Nijar ko ta Kamaru ya faru kafin Afrilun 1972, babu ja. Hanyar Ghana ta fi ba da daki-daki, domin Ghana sai a watan Agustan 1974 ta canja. Wanda ya ce ya sauya hannu sau biyu kafin ya kai Ankara, wato da shiga Dahome da kuma shiga Ghana, kafin Afrilun 1972 ya je. Wanda ya ce sau ɗaya ya sauya, a Aflawo kaɗai, ya je ne tsakanin Afrilun 1972 da Agustan 1974, tazarar da ba ta kai shekara biyu da rabi ba. Takardar gwamnati ma ba kullum take kai wannan daidaito ba.

Mai bi mata a ƙarfi ita ce gada. Tsakanin Kusuri da babban birnin Chadi a da jirgin fito ne ke haye da motoci, kuma jiran layi na iya cin kwanaki. Gadar Ngeli a kan kogin Logon a 1985 aka same ta. Dattijon da ya ba ka labarin yadda ake hawa da mota cikin jirgin, da yadda gaban mutum ke faɗuwa idan ya ji ta karkata, ya ajiye labarinsa kafin wannan shekara. Idan ya ƙara da cewa ana jin harbi daga ƙetaren kogi, kuma Kusuri ta cika da ’yan gudun hijira, to yaƙin Njamena na 1979 ko na 1980 yake nufi. Haka kwalta take a hanyar arewa. Titin da ya haɗa Tawa da Agadas da Arlit saboda ma’adinin yuraniyam a ƙarshen shekarun 1970 aka shimfiɗa shi, don haka “kafin kwalta” da “bayan kwalta” zamani biyu ne a bakin wanda ya bi can.

Sai rufe iyaka. A watan Afrilun 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta canja launin takardun naira ta kuma rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe su ba sai a farkon 1986, bayan Babangida ya karɓi mulki. Abin ya haɗu da fari, har mutanen Nijar suka raɗa wa yunwar wannan shekara suna El-Buhari. Ga direban da cinsa da shansa ke kan hanyar Maraɗi, wannan ne ya raba rayuwarsa biyu. Wasu sun koma hanyar Kurmi, wasu sun ajiye makulli sun koma gona, wasu kuma sun koyi hanyoyin daji. To amma a yi hattara, domin mutum ɗaya ya rufe iyaka sau biyu: an sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Idan aka ce “lokacin da Buhari ya rufe boda”, sai a tambaya na kaki ko na babbar riga. Tsakaninsu shekara 35 ce.

Kuɗi alama ce mai daɗin ji amma mai ruɗi. Naira da kobo sun maye gurbin fam da sule a ranar 1 ga Janairu, 1973, fam ɗaya ya zama naira biyu. Sai dai baki bai bi doka ba: an ci gaba da kiran kobo goma sule, ana cewa fam ana nufin naira biyu, shekara da shekaru. Don haka kalmar sule ita kaɗai ba ta isa hujja, sai an tambayi kamannin kuɗin. Akwai kuma tarkon da na ga ɗalibai suna faɗawa. A wajenmu dala sule biyu ce, jaka kuwa fam ɗari, wato naira 200. A Nijar dala sefa 5 ce, jika kuma sefa 1,000. Dattijon da ya ce an biya shi jaka goma a Damagaram ya bar ka da lissafi biyu da ba su ko kusa da juna, kuma shi bai ga wani ruɗani ba, tunda ya san a wane gefen iyaka yake tsaye. Inda kuɗi ke da amfani sosai shi ne wajen ƙarfinsu. Labarin da a cikinsa naira ke da kwarjini a kasuwar Maraɗi, direba na canja ’yan takardu kaɗan ya cika aljihu da sefa, na kafin 1986 ne, shekarar da aka fara karya darajar naira. Wanda kuma a cikinsa sefa ta faɗi rabi dare ɗaya, ’yan kasuwa suka kwana da riba suka tashi da asara, na Janairun 1994 ne.

Sunan wuri shi ne mafi rauni. Forlami ta zama Njamena a 1973, Dahome ta zama Benin a 1975, Volta ta zama Burkina Faso a 1984. Amma mutum kan riƙe sunan da ya fara sanin wuri da shi har ya mutu. Abin da sunan ke nunawa shi ne lokacin da direban, ko maigidansa, ya fara bin hanyar. Kan tafiyar da ake magana a kai kuwa ba ya cewa komai.

Ita ma mota haka take, gefe ɗaya kawai take rufewa. Akwai zamanin Bedford da Austin masu bodin katako, da na Mercedes 911 da ake kira roka, da na Fiat da aka riƙa harhaɗawa a Kano da Steyr ta Bauchi, sannan DAF ’yar gwanjo daga Turai bayan naira ta faɗi, yanzu kuma ga na Sin. Mota na iya gaya maka cewa abu bai faru kafin kaza ba. Ba za ta gaya maka ƙarshe ba, domin bakanikenmu bai yarda mota na mutuwa ba. Roka tana nan tana ɗaukar rake har gobe.

Hanyar aiki ke nan: a bar dattijo ya yi labarinsa har ƙarshe ba tare da katsewa ba, a tsinci alamomin da suka faɗo da kansu, a ɗora mai rauni a kan mai ƙarfi. Idan biyu suka yi karo, misali sauya hannu a Jibiya da hawa gadar Ngeli a tafiya ɗaya, to tafiya biyu ce ta narke ta zama ɗaya a ƙwaƙwalwa. Wannan ya fi faruwa ga wanda ya bi hanya ɗaya sau ɗari, kuma raba su ya fi jefar da labarin amfani. Ƙarin gishirin da ake zargin direba da shi galibi a adadi yake: kwana nawa, buhu nawa, gudun nawa. A kan tsarin abubuwa, wane gari ke gaban wane, wace rijiya ce ke da ruwan ɗaci, ina ake kwana, da wuya ka kama shi da kuskure, saboda a kan wannan sanin ransa ya dogara.

Daga ina “waje” yake farawa?

Da aka jera labaran bisa zamani, wani abu ya fito wanda ban je nema ba. A bakin dattawan nan Maraɗi da Damagaram ba baƙin wurare ba ne. Sukan ce sun shiga Faranshi, kamar yadda mutanen can ke kiran wannan gefen Ingilishi, abin da William Miles ya tarar a ƙauyukan iyakar Daura ya rubuta a littafinsa na 1994. Amma harshe ɗaya ne, sallah ɗaya, fura ɗaya. Abin da ke canjawa kakin jandarma ne, da duwan a madadin kwastan, da ’yan kalmomi: babbar mota ta zama kamyo, yaron mota ya zama aparanti. Direbanmu kan kwaikwayi wannan Hausa yana dariya, irin dariyar da ake yi wa ɗan’uwa.

Baƙunta ta gaskiya tana farawa ne inda ƙasa ta daina yi wa mota biyayya. Arewa da Tanut, a hanyar Agadas, nan muryar mai labari ke sauyawa. Zai yi maganar gargadar da ke kwance kowane noti a jikin mota, da rage iskar taya kafin a shiga yashi, da faranten ƙarfen da ake shimfiɗawa a gaban taya ana turawa taku-taku, da durom ɗin ruwa da na gas da ake ɗaurewa a bodi, da dokar da ba a rubuta ba cewa mota ɗaya ba ta shiga ita kaɗai, kuma ba a wuce wanda ya lalace. Wannan ayari ne sak, raƙumin ne kawai ya zama ƙarfe. A gabas kuma baƙar lakar da ke tsakanin Dikwa da Kusuri ce abar tsoro. Da rani ƙura, da damina ta riƙe mota har gindi, ga shingen da ake sawa bayan ruwan sama a hana manyan motoci wucewa sai hanya ta sha iska. A Chadi ne kuma da yawansu suka fara jin Hausa ta gaza musu a kasuwa, sai ’yar Larabcin da aka tsinta a hanya.

Game da takarda, labarinsu ya saɓa wa na littafi. A littafi, an kafa ECOWAS a 1975, an sa hannu kan yarjejeniyar zirga-zirga ba biza a 1979, an fito da katin inshorar mota na bai-ɗaya da tsarin wucewar kaya a 1982, wato iyaka sai sauƙi take ƙarawa. A majalisa kuwa, yawancin dattawan suna ganin tsallaka iyaka ya fi sauƙi a farkon aikinsu, lokacin da jami’i ɗaya ne a bukka kuma ya san maigidanka, fiye da ƙarshensa, da shingaye suka yawaita kowanne da na goronsa. Ban ɗauki wannan a matsayin hukunci ba, domin tsoho ko’ina yake yana ganin jiya ta fi yau, kuma a jiyan yana da ƙarfi a jika. Amma ban yarda a share shi ba. Masu rubuta tarihin haɗin kan Afirka ta Yamma sun cika dogaro da ranar da shugabanni suka sa hannu, alhali wanda ya tsaya a gaban shingen da takardun a hannu shi ya san ko sa hannun ya iso. Abin da ya biyo baya ma bai taimaki littafin ba: hanyar Gamboru ta mutu na wasu shekaru daga 2014 saboda rikicin Boko Haram, aka dawo bin ta da rakiyar soja, an rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023 har zuwa Maris na 2024, Nijar da Mali da Burkina Faso kuma suka fice daga ECOWAS a Janairun 2025.

Inda hira ke yin shiru

Majalisa wuri ne na mutunci, kuma dattijon da ya yi Hajji, jikokinsa na zagaye da shi, ba komai zai faɗa ba. Fasa-ƙwauri na fetur da taki da atamfa da shinkafa yana fitowa ne da sunan wani: wani direba da na sani, wani yaro a tasharmu. Haka maganar ƙwayar hana barci, bayan goro da shayi sun gaza. Haka maganar matan hanya, da auren da aka ɗaura a wani gari wanda gida ba a sani ba sai ranar rabon gado. Mai bincike ya karɓi “wani direba” yadda aka ba shi. Bayanin yadda abin ke gudana yana nan cikakke, kuma shi ake bukata. Tilasta wa dattijo ya ce “ni ne” rashin kunya ne da ba ya ƙara wa ilimi komai.

Shirun da ya fi damuna na waɗanda ba su zama direba ba ne. Duk wanda muke hira da shi ya tsira, ya kuma samu sitiyari. Yaron motar da jak ya zame mota ta danne shi, da wanda zazzaɓi ya kashe aka binne shi a gefen hanya a ƙasar da iyayensa ba su taɓa jin sunanta ba, da wanda ya yi shekara goma yana sa waigi ya gaji ya dawo gona, ba sa cikin majalisar. Sukan gifta a labari da jimla ɗaya, a yi musu addu’a, a wuce. Tarihin da aka gina a kan waɗanda suka kai labari kaɗai zai fi gaskiyar hanyar daɗi.

Sai matan gida. Kafin wayar hannu, direba kan yi wata ɗaya ko biyu babu labarinsa, sai saƙon baki ta hannun wani direban, ko ƙunshin dabino da ’yan kuɗi da aka aiko daga tasha. Matar ce ta san nawa aka bari, yaushe ya ƙare, wa ya ranta mata, kuma tata kalandar ta fi ta mijin kaifi: tana goyon wane, kafin a yaye wance, shekarar da aka yi wa babban kaciya. Haihuwa kuwa aba ce da ake iya bin sawunta.

Akwai kuma dalili na aiki da ya sa dole a shiga cikin gida. Tsohon lasin, da katin allurar shawara, da fasfo mai hatimin Fort-Lamy ko Dahomey da kwanan wata a jiki, da hoton da aka ɗauka a gaban mota lambarta na fitowa, su ne za su tabbatar da kalandar da na bayyana ko su gyara ta. Dattijo zai ce maka sun ɓace tuntuni. Sau da yawa suna nan a ƙasan adakar uwargida, a naɗe cikin leda tare da takardar gona, inda gara ba ta kai ba tukuna. Namiji baƙo ba zai kai gare su ba. Sai an tura ɗaliba mace, ta yi sallama, ta gaida Inna, ta zauna a tabarma har a saba da ita.